Serena Williams: tambayoyin da aka fi yi kan tasowarta da yadda ta mamaye wasan tanis

Mu dai ƙwallon ƙafa muka fi sani, amma sunan Serena ko wanda bai taɓa riƙe raket ba ya taɓa jinsa. Kuma duk sanda zancenta ya taso tambayoyin kusan iri ɗaya ne, to ga su nan an tara, daga masu sauƙi zuwa waɗanda ake musu a kansu.

Wai wacece Serena ɗin, 'yar ina ce?

Ba'amurkiya ce baƙar fata, an haife ta ranar 26 ga Satumba 1981 a garin Saginaw na jihar Michigan, amma a Compton ta tashi, wata unguwa a gefen Los Angeles da ta yi ƙaurin suna wajen talauci da 'yan daba da harbe-harbe. Babanta Richard Williams, mamanta Oracene Price, ita ce auta a ɗakinsu cikin mata biyar, Venus ce take bi kuma tazararsu bai fi wata 15 ba. Ta ci manyan kofuna na Grand Slam guda 23 ita kaɗai, ta ci 14 a wasan 'yan bibbiyu tare da Venus, ga zinare 4 na Olamfik, sannan ta yi makonni 319 tana ta ɗaya a duniya.

Ni ban iya kallon tanis ba, meye Grand Slam kuma ya ake ƙirga ci?

Gasa huɗu ne a shekara da suka fi kowace girma da kuɗi. Ta Ostiraliya a Melbourne cikin Janairu, ta Faransa da ake kira Roland Garros a Paris wajen ƙarshen Mayu, Wimbledon a Landan tsakanin Yuni da Yuli, sai US Open a New York daga ƙarshen Agusta. Filayen ba iri ɗaya ba ne, na Paris jar ƙasa ce ƙwallo tana tafiya a hankali tana tsalle sama, na Landan ciyawa ce ƙwallo tana zamewa da gudu, sauran biyun daɓe ne mai tauri. 'Yan wasa 128 ake farawa da su, da an doke ki kin fita, kenan sai mace ta ci wasa 7 a jere cikin sati biyu kafin ta ɗaga kofi. Na Serena: Ostiraliya 7, Wimbledon 7, US Open 6, Faransa 3.

Ƙirga kuwa, maki yana tafiya 15, 30, 40 sai gem. Wadda ta fara cin gem 6 da ratar biyu ta ci set, shi set ɗin kamar turmi ne a dambe, a wasan mata wadda ta ci biyu cikin uku ita ce da nasara. Idan kun ga an rubuta 6-1, 6-2 to wasa ne na gefe ɗaya, ku riƙe wannan don zai yi amfani a tambayoyin ƙasa.

Da gaske ne babansu ne ya koya musu alhali shi ba ɗan wasa ba ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ɓangaren ne ya fi ba mutane mamaki. Richard ya ce a talabijin ya ga wata 'yar Romaniya, Virginia Ruzici, tana karɓar cekin kuɗi masu kauri bayan ta ci gasa, daga nan ya ƙudurta 'ya'yansa mata sai sun yi wannan wasan, tun ba a ma haifi Venus da Serena ba ya zauna ya rubuta tsari mai shafuka barkatai. Da littattafai da kaset ɗin bidiyo ya koya wa kansa. A filayen gwamnati na Compton suke atisaye, filayen da suka tsattsage, wani lokaci sai an share fasassun kwalabe kafin a fara, da tsofaffin ƙwallaye da yake bi yana tattarowa. Kar a manta da uwar fa, Oracene ita ma ta koyi wasan kuma sau da yawa idan Richard yana fili ɗaya da Venus ita ce take tare da Serena a ɗayan.

A 1991 suka tattara suka koma Florida wajen koci Rick Macci. Abinda ya sa masana suka yi ta sukar Richard shi ne ya cire yaran daga gasannin ƙananan yara gaba ɗaya, alhali kowa ta nan yake bi, ya ce su yi karatu su yi atisaye kawai, yana gudun kar su ƙone tun suna ƙanana irin yadda ya ga ya faru da wasu, ga kuma wariyar launin fata da yake gani a wajen wasu iyayen. A ganina mutum ne mai taurin kai da yawan surutu a gaban 'yan jarida, amma a wannan shawarar dai lokaci ya nuna yana da gaskiya, don 'ya'yan sun yi wasa har suka haura shekara 40.

Yaushe ta fara fitowa, kuma yaushe duniya ta san ta?

Wasanta na farko na ƙwararru a Oktoban 1995 ne a Quebec ta Kanada tana da shekara 14, kuma kashi ta sha, Annie Miller ta doke ta 6-1, 6-1. A 1997 a Chicago, tana ta 304 a duniya, ta fitar da Mary Pierce da Monica Seles waɗanda dukansu suna cikin goman farko, nan aka fara cewa ashe ƙanwar Venus ma ba ta wasa ba ce.

Shekarar 1999 ita ce ta buɗe mata ƙofa. Ta ci kofinta na farko a wata gasa a Paris (ba Roland Garros ba), ta doke Steffi Graf a wasan ƙarshe na gasar Indian Wells a California, sannan a Satumba tana da shekara 17 ta ɗauki US Open. Ku duba waɗanda ta bi ta kansu: Kim Clijsters, Conchita Martinez, Seles, Lindsay Davenport mai riƙe da kofin, sai Martina Hingis ta ɗaya a duniya a wasan ƙarshe. Rabon da baƙar mace ta ci irin wannan kofi ita kaɗai tun Althea Gibson a 1958.

Venus aka fara sani, ya aka yi ƙanwa ta wuce yaya?

E Venus ce ta fara haskawa, ta kai wasan ƙarshe na US Open tun 1997, kuma a karawarsu ta farko a Ostiraliya a 1998 ita ta yi nasara, haka ma a wasan ƙarshe na US Open na 2001. Sai 2002 abu ya juya. Serena ta ci Roland Garros, Wimbledon, US Open, ta ɗora da Ostiraliya a Janairun 2003, kofuna huɗun duka a hannunta lokaci guda, kuma a dukkan wasannin ƙarshe huɗun nan yayarta ta doke, wadda suka tashi ɗaki ɗaya. Shi ne ake kira Serena Slam. A Yulin 2002 ta hau matsayi na ɗaya, kuma daga hannun Venus ɗin ta karɓa.

Sun kara sau 31, Serena ta ci 19 Venus 12. Amma dan Allah kar a raina Venus, Grand Slam 7 gare ta, 5 a Wimbledon, kuma ita ce ta tsaya kai da fata har Wimbledon ta daidaita kuɗin kyautar mata da na maza a 2007. Duk wasan ƙarshe 14 na Grand Slam da suka buga a matsayin abokan wasa ba su taɓa faɗuwa ko ɗaya ba. Ni abinda yake burge ni da Venus shi ne haƙuri, a ce ƙanwarki tana ƙwace miki kofi a gaban duniya ki rungume ta ki ɗauke ta hoto, ba kowace yaya za ta iya ba. Serena da bakinta ta faɗa ranar bankwana cewa ba don Venus ba da babu ita.

Me ya faru a Indian Wells da har suka ƙaurace wa gasar?

A 2001 ya kamata su kara da juna a wasan kusa da na ƙarshe, sai Venus ta janye dab da farawa saboda ciwon gwiwa, 'yan kallo suka zargi babansu da shirya wanda zai ci. Ranar wasan ƙarshe Serena tana da shekara 19, a jiharsu ta California, filin ya ɗauka da ihun tsana a kanta tun daga farko har ƙarshe, suna tafi idan ta yi kuskure. Richard ya ce an zage shi da kalaman wariyar launin fata yana saukowa wajen zamansa. Duk da haka ta doke Clijsters ta ɗauki kofin, daga nan ba ta sake taka gasar ba sai 2015, shekara 14 kenan, Venus kuma sai 2016.

Wai meye makaminta a fili, ƙarfi ne kawai?

Masu cewa ƙarfi ne kawai ba su kalle ta da kyau ba. Babban makaminta sabis ne, bugun da ake fara maki da shi. Ta taɓa buga wanda ya kai gudun kilomita 207 a awa a Ostiraliya a 2013, amma ba gudun ne ya fi wahalar da abokan karawa ba, yadda take cilla ƙwallon sama iri ɗaya ne ko ina za ta aika ta, ba za ki iya karanta ko dama za ta je ko hagu ba sai ta wuce ki. A Wimbledon ta 2012 ta buga sabis 102 da ba a ko taɓa ba, ya fi na kowane namiji a gasar ta shekarar, 24 daga ciki a wasa ɗaya da Victoria Azarenka.

Sannan idan ita ake bugo wa, tana shigowa cikin fili ta tare sabis na biyu, wanda ake yi idan na farko ya ɓaci, ta mayar da shi da zafi, sai abokiyar karawa ta ruɗe ta fara zubar da maki da kanta. Abu na uku zuciya, sau uku tana ɗaukar Grand Slam bayan saura maki ɗaya a fitar da ita a hanya. Maria Sharapova ta doke ta a wasan ƙarshe na Wimbledon a 2004, amma da aka tashi lissafi a ƙarshe 20 da 2 ne.

An ce ta taɓa faɗuwa warwas har aka cire rai da ita, haka ne?

Ba sau ɗaya ba ma, kuma ni a nan nake ganin girmanta fiye da adadin kofunan. Bayan ta ci Wimbledon a 2003 aka yi mata tiyata a gwiwa, tana jinya kuma a watan Satumba aka harbe babbar yayarsu Yetunde Price a Compton, ba ma ita aka nufa ba. Ta lallaɓa ta ci Ostiraliya a 2005 amma jiki da zuciya duk ba daɗi, daga baya ta faɗa cewa ta yi fama da ciwon damuwa, a 2006 gasa 4 kawai ta buga har ta fita daga cikin 100 na farko, masu sharhi suna ta cewa ta yi ƙiba, hankalinta ya koma kan ado da fim, ta gama yayi. Janairun 2007 ta shiga gasar Ostiraliya tana ta 81 a duniya, ta kai wasan ƙarshe ta yi wa Sharapova 6-1, 6-2, ta sadaukar da kofin ga Yetunde tana hawaye.

Na biyu ya fi haɗari. Kwanaki kaɗan bayan ta ci Wimbledon a 2010 ta taka fasasshen gilashi a wani gidan abinci a Munich, aka yi mata tiyata biyu a ƙafa, farkon 2011 kuma jini ya daskare mata a huhu, ciwon da yake kashe mutum farat ɗaya. Kusan shekara guda ba ta buga wasa ba. Wannan ciwon ya sake dawo mata, duba tambayar haihuwa a ƙasa.

To ya aka yi ta fi cin kofuna bayan ta haura 30?

A Mayun 2012 wata 'yar Faransa Virginie Razzano ta fitar da ita a zagayen farko na Roland Garros, abinda bai taɓa faruwa da ita a Grand Slam ba. Maimakon ta koma gida sai ta tsaya a Paris ta nemi filin atisaye a makarantar Patrick Mouratoglou, daga nan ya zama kocinta har kusan shekara goma. Cikin 'yan watanni ta ci Wimbledon, ta ci zinaren Olamfik a Landan inda ta yi wa Sharapova 6-0, 6-1, ta ɗora da US Open. A 2013 ta ci wasa 78 ta faɗi 4 kacal, kofuna 11, ta koma ta ɗaya tana da shekara 31 ta zauna a wurin makonni 186 a jere.

Kofuna 10 cikin 23 ɗin bayan ta cika 30 ta ci su, shekarun da yawancin 'yan wasan da suka gabace ta suke ajiye raket. Ta sake haɗa huɗun a hannu daga US Open ta 2014 zuwa Wimbledon ta 2015. Saura wasa biyu ta cinye huɗun cikin shekara ɗaya, abinda rabon da mace ta yi tun Graf a 1988, sai Roberta Vinci 'yar Italiya, wadda ba wanda ya saka a lissafi, ta tare ta a wasan kusa da na ƙarshe a New York. Ranar nan nauyin abin ne ya danne ta, ana ganinsa a ƙafafunta.

Da gaske da juna biyu ta ci kofi?

Da gaske. Janairun 2017 a Ostiraliya, cikin yana wajen sati 8, ta doke Venus a wasan ƙarshe ba tare da ta rasa set ko ɗaya a gasar ba, shi ne na 23 da ta wuce 22 na Graf. Ta haifi Olympia ranar 1 ga Satumba 2017 ta hanyar tiyatar gaggawa, mijinta Alexis Ohanian yana cikin waɗanda suka kafa shafin intanet na Reddit. Washegari numfashi ya fara yi mata wuya, da yake ta san ciwonta tun 2011 ta ce a yi mata hoton huhu a ba ta maganin tsinka jini, da farko ba a ɗauki maganarta da muhimmanci ba, da aka duba kuwa sai ga daskararren jinin. Tari ya ɓalle ɗinkin, aka sake shiga da ita tiyata, ta yi sati 6 a kwance. Tun daga nan take yawan magana kan yadda mata baƙar fata a Amurka suka fi mutuwa wajen haihuwa saboda ba a sauraron kokensu.

Da ta dawo matsayinta ya zube ƙasa sosai tunda ba ta buga wasa ba, Roland Garros ta 2018 ba ta saka ta cikin jerin manya ba, aka yi ta cece-kuce a kan ana hukunta mace don ta haihu, ƙarshen shekarar hukumar tanis ta mata, WTA, ta gyara doka don kare matsayin masu dawowa daga haihuwa.

Me ya hana ta cin na 24?

Dama ta samu har sau huɗu. Wimbledon 2018 Angelique Kerber, US Open 2018 Naomi Osaka, Wimbledon 2019 Simona Halep, US Open 2019 Bianca Andreescu mai shekara 19, kuma a duk huɗun ko set ɗaya ba ta ci ba. Gaskiya gudunta ya ragu bayan haihuwa da tiyatoci, ba ta buga ƙananan gasa da yawa da za su wasa ta, yaran da suka taso suna kallonta kuma sun koyi irin bugunta ba sa tsoronta kamar na da. Halep kuwa ranar wasan rayuwarta ta buga, 6-2, 6-2 cikin ƙasa da awa ɗaya. Amma mace mai shekara 36, wata 10 da tashi daga gadon da ta kusa mutuwa, ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon, wallahi wannan kaɗai abin a jinjina ne.

Ina batun rigimarta da alƙalan wasa?

Tana da zafin rai, ba a ɓoye wannan. A US Open ta 2009 da Clijsters ta yi wa wata mai kula da layi barazana da munanan kalamai, aka cire mata maki wanda shi ya ƙare wasan, aka ci ta tara mai yawa, kuma a nan ba ta da gaskiya ko kaɗan. Na 2018 da Osaka ya fi sarƙaƙiya, alƙali Carlos Ramos ya gargaɗe ta kan kocinta yana mata alama da hannu, ta fasa raket aka cire maki, ta kira shi ɓarawo aka cire gem guda. Ita ta ce maza suna faɗin abinda ya fi haka ba a yi musu komai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai kocin ya amsa cewa ya yi alamar, kuma wadda ta fi cutuwa Osaka ce, yarinya 'yar 20 ta ci Grand Slam ɗinta na farko tana kuka ana ihu, sai da Serena ta roƙi jama'a su daina.

Ita ma an cuce ta. A 2004 da Jennifer Capriati a New York an yanke mata hukunce-hukunce na kuskure ƙarara har masu gasar suka ba ta haƙuri, wasan yana cikin abinda ya gaggauta kawo na'urar Hawk-Eye mai duba inda ƙwallo ta sauka a 2006.

Ta taɓa zuwa Najeriya ko wani wuri a Afirka?

Ta zo Legas tare da Venus a ƙarshen 2012, sun gana da 'yan mata 'yan makaranta sun kuma buga wasan nuni da juna kafin su wuce Afirka ta Kudu. Kafin nan ta je Ghana da UNICEF a 2006, a 2008 kuma ta buɗe makarantar sakandare a Matooni ta Kenya. Kamfaninta na zuba jari, Serena Ventures, ya saka kuɗi a kamfanin Stears na Legas a 2022.

A taƙaice ita ce ta fi kowace mace a tarihin wasan?

A nan ake musu. Margaret Court 'yar Ostiraliya tana da 24, amma 13 daga ciki kafin 1968 ne lokacin da ba a barin ƙwararru su shiga, 11 kuma a gasar ƙasarsu ce a zamanin da manyan 'yan wasa da yawa ba sa yin doguwar tafiyar. Graf ta fi Serena makonni a matsayi na ɗaya, 377, Martina Navratilova kuma ta fi ta yawan kofuna nesa ba kusa ba, 167 Serena kuma 73. Idan ni aka tambaya Serena zan ce, saboda tsakanin Grand Slam ɗinta na farko da na ƙarshe sama da shekara 17 ne, ta doke zamanin Graf da Hingis, ta doke na Henin da Sharapova, ta zo ta kara da yaran da ba a ma haifa ba sanda ta fara. Wanda ya zaɓi Graf ko Navratilova dai yana da hujjarsa.

Yaushe ta yi bankwana, me take yi bayan nan?

A Agustan 2022 ta sanar cewa za ta matsa gefe, babban dalilinta tana son ƙara haihuwa, ta ce da namiji ce da ba sai ta zaɓa tsakanin wasa da iyali ba. A US Open ta shekarar ta ci wasa biyu, har da Anett Kontaveit ta biyu a duniya, sannan Ajla Tomljanovic ta fitar da ita a zagaye na uku ranar 2 ga Satumba bayan fafatawar sama da awa 3. Kuɗin kyautar da ta tara a fili ya kusa dala miliyan 95, banda na talla. Ta haifi 'yarta ta biyu Adira a Agustan 2023, kuma yawancin lokacinta ya koma kan yaran da harkar zuba jari, musamman a kamfanonin da mata da baƙar fata suka kafa.